Baƙar Dardumar da Na'urar Shara Ta Ƙi Hawa

Cikin duk gyare-gyaren da na yi a rayuwata, akwai guda ɗaya da ko na tsufa na manta hanyar shagona, shi ba zai fita raina ba. Gyara ne da ya yi kyau, kuma bai ɗauke ni minti biyar ba.

Ni mai gyaran kayan lantarki ne a Gwallaga: waya, rediyo, talabijin, duk abin da ke cin wuta. Ina da wani hali da aka sha yi mini magana a kai, wato ba na iya jin an faɗi abin da ba daidai ba in haɗiye. A wancan lokacin ina ɗaukar wannan halin a matsayin ilimi.

Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a Ƙofar Wambai. Mijinta malami ne, ya rasu bayan sun yi fiye da shekara arba'in tare. Ta fita takaba ke nan ciwon baya ya matsa mata, duƙawa da tsintsiya ta gagare ta, ita kuwa ba ta yarda wani ya share mata falo. Sai babban ɗanta da ke aiki a Abuja ya aiko mata da na'urar nan mai shara da kanta, 'yar kewayayya kamar faifai, tana yawo a ƙasa tana zuƙe ƙura. Gwaggo ta raɗa mata suna Kunkuru.

Bayan kamar wata biyu ɗan nata ya kira ni. Taubashina ne, ba ma magana sai da tsokana.

“Injiniyan bakin titi,” in ji shi, “ka je ka duba wa Hajiya na'urarta. An ce akwai wurin da ba ta sharewa. In ta fi ƙarfinka ka faɗa, kada ka kwance ta ka rasa yadda za ka mayar.”

Na je bayan la'asar, na tarar da matan maƙwabta uku zaune a falon. Ashe abin ya zama abin kallo a layin. A kusurwar gabas akwai dardumar Malam, baƙa wuluk, mai kauri. A kanta yake nafila da karatu tun da ƙafafunsa suka fara ba shi wahala, kuma tun ranar da ya rasu ba wanda ya ɗaga ta. Aka kunna mini na'urar in gani da idona. Ta bi tayil lafiya lau, ta hau jan kafet ɗin tsakiyar falo, ƙararta ta ƙaru, ta sauko. Da ta iso bakin dardumar sai ta tsaya cak, ta ja da baya, ta kewaye. Sau uku tana zuwa, sau uku tana yin haka.

“Ka gani ko?” in ji babbar cikin matan. “Ko ƙarfe ya san wurin bayin Allah.”

Na dubi Gwaggo. Tana kan kujerarta da carbi a hannu, tana bin na'urar da kallo tana ɗan murmushi. Na ga murmushin nan sarai, amma ban tsaya na karanta shi ba, domin maganar matar ta riga ta tsaya mini a wuya.

Na kifa na'urar a kan cinyata na fara bayani, ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Na ce ita ba ta da ido irin namu, dabaru take yi ta gane abin da take takawa. Akwai ɗan rami a ƙarƙashinta da ke tura wani sauti wanda kunnen mutum ba ya ji. In a kan tayil take, sautin ya dawo mata tas, in kuma kafet ne, gashinsa ya shanye, sai ta gane ta ƙara ƙarfin zuƙa. Burushinta ma yana gaya mata, domin juyawa a kan kafet ta fi nauyi. Sannan na nuna musu wasu 'yan gilasai a gefen cikinta. Waɗannan haske suke harbawa ƙasa, irin na rimot ɗin talabijin. Muddin hasken ya dawo, ta san akwai ƙasa a gabanta. In bai dawo ba, sai ta ɗauka rami ne ko matakala, ta ja da baya don kada ta faɗa. Baƙin abu kuwa shanye hasken yake yi.

“Ba girmamawa ba ce,” na ce. “Tsoro take ji. Ita a wurinta dardumar nan rijiya ce.”

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ari baƙin mayafin ɗaya daga cikinsu na shimfiɗa a tsakiyar tayil. Na'urar ta zo, ta tsaya, ta kewaye shi kamar yadda ta saba.

“To, wannan mayafin ma na waliyyi ne?” na tambaya.

Suka yi 'yar dariya ta dole. Na ciro farin salatif daga jakata na liƙe gilasan nan, yadda hasken zai riƙa dawo mata kullum. Na gargaɗe su da su riƙa rufe ƙofa, tunda yanzu ba za ta ga dandamali ba. Na ajiye ta. Ta miƙe kai tsaye ta hau dardumar Malam, ƙararta ta tashi, ta bi ta tsaye ta bi ta kwance. Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu, ina jiran a yaba. Matan suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinta.

“Ɗana, ka gama?” in ji Gwaggo.

“Na gama, Gwaggo. Yanzu ba inda ba za ta shiga ba.”

“Sannu da aiki.”

Ina tattara kayana sai ta ci gaba, a hankali, ba faɗa ba ƙorafi. “Kana tsammanin ban san inji ba ne? Shekara arba'in ina zaune da malami, na san ƙarfe bai san waliyyi ba. Matan nan ne ke faɗin nasu, ni ban taɓa faɗa ba. Lokacin da yake raye, duk wanda ya zo wurin nan kewayewa yake yi. Yanzu jikoki tsallakawa suke a guje, 'ya'yansa ma in sun zo a kai suke ajiye jaka. Ban ga laifinsu ba. Kunkuru ne kaɗai ya rage a gidan nan wanda in ya zo wurin yake tsayawa ya ba shi hanya. Ni kuma ina jin daɗin kallo. Shi ke nan fa.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa na ɓare salatif ɗin nan da sauri. Ta ce in bari, ai na riga na gyara, amma ban bari ba. Na ɗauka da haka komai ya koma yadda yake.

Ranar Juma'a na koma gaishe ta. Dardumar ba ta nan, an naɗe ta an ɗora a kan kabad. Na tambaya, ta ce tunda an share ta tas, gara a adana kada ta sake yin ƙura. Muna zaune na'urar ta zo kusurwar gabas, ta wuce sumul ba ta tsaya ba. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ta kalle ta ba.

Da yamma taubashina ya kira yana cewa ashe ina da amfani. Ran nan ne karo na farko da ban rama tsokanarsa ba.

Duk abin da na faɗa a falon nan gaskiya ne, har gobe zan maimaita shi ga wanda ya tambaya. Sai dai Gwaggo ba ta tambaya ba, kuma ba ita ta kira ni ba. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya gyara abu, ya fara tambayar mai shi ko a wurinsa ya lalace. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini kaya shago, ba na taɓa sukundireba sai na ce masa, “Me kake so ta daina yi, me kuma kake so in bar maka yadda yake?”