Tubali Mai Shatar Yatsu Uku

Mijin yayata mutum ne da ba ya iya ganin abu ya bar shi inda ya same shi. Daga yamma aka turo shi aiki Diffa, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Bai daɗe ba ya auri yayata, ya kuma ɗora wa kansa aikin koya mana tarihin ƙasarmu. Idan ya zauna a tsakar gidanmu ya miƙe ƙafa, sai ya shiga ba Inna labarin sarakunan Barno, ita da aka haifa a gindin ganuwarsu. Ban taɓa sonsa ba, kuma ban ɓoye ba. Da yake ni ƙanwar matarsa ce, duk baƙar maganar da na yaɓa masa sai ya ɗauke ta wasa ya yi ta dariya, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Inna Babarbariya ce, daga wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gaba da Shetimari. Babanmu ɗan kasuwar Damagaram ne, can ya kai ta bayan aure, tana can kuma mahaifinta ya rasu. Labari bai same ta ba sai da aka share makoki. Bayan mun dawo Diffa da zama ta sha zuwa ƙauyen biki da suna, amma a can mata ba sa zuwa maƙabarta sai da dalili mai ƙarfi, ita kuwa mai kunya ce, ba ta taɓa roƙo ba. Sai da yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta daina gane fuskokinmu daga nesa, sannan ta aika wa wanta, Kawu, cewa tana so ta ga inda mahaifinsu yake kwance tun tana gani. Kawu ya ce ta zo.

Maƙabartar ƙauyen tana cikin kufan wani tsohon gari na sarakunan da, wanda aka gina da jan tubali ƙonanne. Ginin ya zube tun kakannin kakanni, sai guntayen bango da tarin ɓaraguzai. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta riƙe tudun kabari, damina ɗaya ta wuce sai ya baje. Saboda haka idan aka binne mutum, sai danginsa su nemo tubali lafiyayye cikin ɓaraguzai, su kafa shi tsaye wajen kai. Ba rubutu, ba suna. Kowane gida ya san nasa da wata alama. Na kakana yana da shatar yatsu uku, na magini da ya danna shi tun yana ɗanye. Kawu ya faɗa wa Inna haka tun shekarar rasuwar, ita kuma ta faɗa mana har muka haddace.

Mota ce ba mu da ita, shi kuwa mijin yayata yana da kat-kat, motar ratsa rairayi, ta wurin aiki. Da ya ji inda za mu sai ya washe baki, ya ce ai ya daɗe yana son ganin kufan fadar sarakunan nan. Ranar tafiya ya ɗebo abokansa biyu na ofis, da na'urar ɗaukar hoto, da gasassun kaji cikin takarda. Yayata tana da tsohon ciki, ba ta zo ba. Ni da Inna aka cusa mu baya. Lokacin shanyar tattasai ne, ko'ina ka duba ja wur, ƙaurinsa yana sa mu tari. Tun daga Diffa har muka sauka daga kwalta bakinsa bai huta ba. Inna ta ɗaura sabon zanenta, tana ta jan carbi.

Da muka isa ƙofar gidan Kawu aka shimfiɗa tabarmi, aka fara gaisuwa. Wanda ya san Barebari ya san ba a gaggawa a nan. Wushe, wushe, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, a dawo a sake daga farko, kowace tsohuwa ta shigo da nata. Mijin yayata ko takalmi bai cire ba.

"Bon, Inna," in ji shi, yana surka Faransanci, "wagga gaisuwa taku sai ta canye muna yini. Mu za mu yi gaba mu duba hwadar, ku iske mu can."

Kawu ya ce ya dakata a sha ruwa, a tafi tare. Mijin yayata ya ce ba komai, ai ga bangon can ana hangowa, ba mai ɓata. Suka ja mota suka tafi. Mazan ƙauye duk suna lambu wajen tattasai, ba wanda ya bi su.

Mun daɗe. An kawo fura, an kawo kifi, an yi kuka kaɗan an yi dariya. Rana ta karkata kafin muka kama hanya a ƙasa, Kawu a gaba da sandarsa, ni ina riƙe da hannun Inna. Muka ratsa goruba, muka shiga ta wata ɓaraka a bango. Daga nesa na hango motar, an shigar da ita har ciki, bayanta a buɗe. Kawu ya tsaya cak.

Filin da ke gabanmu ba tubali ko ɗaya a tsaye. Sai ramuka ƙanana cikin rairayi, da sawun takalma, da sawun taya ya bi ta kai. A bayan mota kuwa ga tubalan nan jere, an shirya su tsaf kamar buredi a kan tebur. Su ukun suna zaune a inuwar bango suna tsotsar ƙashin kaza.

"Wala, kun iso," in ji mijin yayata da guntun Faransancinsa. "Ku zo ku ga abin mamaki. Can wajen duk fasassu na, amma nan mun iske masu kyau, tsaye cikin ƙasa, ba wahalar tono. Zan kai wasu Yamai, mutane su san muna da tarihi."

Ni ce na riga Kawu faɗa masa. Na ce kaburbura ya tuge. Na ce kan kakannina ya taka da mota, yana zaune yana cin kaza. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Wannan karon bai yi dariya ba. Abokansa suka miƙe suna salati. Shi kuwa abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, a garinsu kabari tudu gare shi, ana sa fasasshiyar tukunya ko icce, wa zai ga fili shafe ya ce maƙabarta ce? Wato laifin ma namu ne da ba mu binne matattunmu irin na garinsu ba.

Inna ba ta ganin ramukan. Ta ja hannuna ta ce, "Mene ne? Ina wurin?"

Kawu ya yi mata bayani da Barbarci, a hankali. Sai ta ce a kai ta wajen motar. Ta riƙa shafa tubalan ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka faɗa cikin shatar nan. Ta ɗauko shi ta rungume. Ta juya wajen Kawu ta ce, "Yaya, nuna mini raminsa."

Kawu ya shiga filin. Ya je nan ya tsaya, ya koma can. Ya ce ta gabas ne, kusa da bango, amma ramukan da ke ta gabas kusa da bango sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, wasu ma taya ta shafe su. Shekara da shekaru tubalin yake nema da ido, bai taɓa auna wurin da taku ba, don me zai auna? Na ga tsoho yana zagaye cikin rana yana leƙa ramuka, leɓensa yana motsi. Daga baya ya dawo ya ce bai sani ba.

"To a sa shi cikin ɗaya mana," in ji mijin yayata. "Inna, ƙasa duk guda ta. Addu'a tana isa ko'ina."

Da ina da abin duka a hannu da na sauke masa. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ba za ta kafa alamar ubanta a kan uban wani ba, ƴaƴan wancan su zo su rasa nasu. Gida kuma ba za ta kai shi ba, kayan kabari ne. Haka ta tsaya da shi a ƙirji, ba wurin ajewa, har hannuwanta suka gaji na ga yana zamewa. Kawu ya karɓa. Aka sauke sauran, aka jera su a gindin bango, aka sa na kakana a cikinsu. Inna ta fuskanci filin gaba ɗaya ta yi addu'arta, gajeriya.

Abin bai tsaya kanmu ba. Gidaje da yawa a ƙauyen sun rasa nasu a wannan yini, kuma ta dalilinmu baƙin suka zo. Kawu ya sha kunya wurin bulama, mai garin, da sauran dattawa. Inna ba ta sake taka ƙauyen ba, ko da aka aurar da jikar Kawu. Kafin damina ta biyu idon ya rufe gaba ɗaya. Idan baƙuwa ta tambaye ta ko ta samu zuwa wajen mahaifinta, sai ta ce, "Na je," ta ja bakinta.

Ba ta taɓa yi wa mijin yayata maganar ba, saboda yayata. Yana zuwa gaisuwa tana amsawa, har ta sa a zuba masa abinci. Shi kuma da ya ga ba a tayar ba, sai ya gyara labarin yadda ya yi masa daɗi. Ranar sadakar ukun Inna ina bayan zana ina zuba wa maza tuwo, na ji muryarsa a cikin taro.

"Alhamdu lillahi," yake cewa, "ni da kaina na kai ta ta ga kabarin mahaifinta kahin idonta ya rufe."

Maza suka amsa gaba ɗaya, Allah ya saka maka da alheri.