Zaren Kitso a Jikin Motar Soja

Ko da zan manta komai na zamanmu a Dubai, ba zan manta Juma'ar da na wuni a gindin motar soja da goyo a bayana da zaren kitso a hannuna ba.

Ƙarshen shekarar korona ne. Maigidana mai gyaran wayar mota ne a wani gareji a Al Warsan, muna zaune a ɗaki guda cikin gidan da muke rabawa da wasu iyalai biyu. 'Yarmu watanta bakwai. Bizata da tata duk a jikin tasa suke rataye, tasa kuma a jikin aikin. A shekarar nan na ga mata uku a benenmu sun sayar da tukwanensu sun koma gida don an sallami mazansu. Shi ya sa ko muryar sallamarsa na ji ta sauya in ya dawo, sai gabana ya faɗi.

Wani Alhaji ɗan Kano ne ya sayi motar a gwanjo, zai kai ta gida ta riƙa jan injin haƙa rijiya. Doguwa ce, tayarta ta kai ƙirjina. Amma ba za a bar ta ta hau titi zuwa tashar jirgin ruwa ba sai fitilunta sun zama irin na motocin mutane. Maigida ya yi min bayani: ƙarfin wutar motar soja ashirin da huɗu ne, na tirelar injin da za ta ja sha biyu, in ka haɗa su kai tsaye ƙwayayen fitila su ƙone. Kuma tana da wasu 'yan mitsi-mitsin fitilu na tafiya a ɓoye, waɗanda dole a cire.

Satin farko da murna yake dawowa. "Wannan motar don ni aka yi ta," in ji shi. "Wayoyinta duk baƙaƙe ne, kowace da lamba a ɗan ƙarfe. Karantawa kawai kake yi." A lokacin ban gane me ya sa abin ya yi masa daɗi haka ba. Ko kuwa in ce na gane, na ƙi yarda na gane.

Sai aka kawo sababbin wayoyi masu launi. Ran Alhamis ya shigo bai ko ɗauki yarinya ba, ya zauna bakin katifa da takalminsa. An kai motar wurin gwaji, an taka birki, sai siginar dama ta kama. Mutane suka yi ta dariya. Mai garejin ya ce masa jirgi Lahadi zai tashi, in motar ta sake faɗuwa ran Asabar, khalas, shi ke nan, ya nemi aiki wani wurin.

Ni kuwa akwai abin da na sani shekara uku ina haɗiyewa. Na taɓa ce masa ya sayo min koren hijabi, ya kawo ruwan ƙasa yana ta yaba korensa, na karɓa na yi godiya. In ya sayo tumatir, rabi ɗanye. A danja kuma na lura ba launi yake kallo ba, wadda ta kama yake dubawa, ta sama ce ko ta ƙasa. A gareji akwai wani abokin aikinsa da ke miƙo masa waya, to wannan ya tafi ganin gida korona ta rufe shi can. Ina ganin rufa masa asiri nake yi. Mace mai firamare aji huɗu, ta yaya zan dubi mai sana'a in ce idonsa da matsala?

Da safe na zuba masa shayi. Na ɗauko zare biyu cikin kayan kitsona na ajiye kusa da kofin.

"Malam, don Allah wanne ne ja?"

Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun hijabin nan."

"Wanda kika ce ya yi kyau?"

"Ai ya yi kyau. Kore ne dai bai zama ba."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya rufe fuska da tafin hannu ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ce tun yana yaron shago yake ɓoyewa, ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Ja da kore da ruwan ƙasa duk kusan abu ɗaya ne a wurinsa. Wa zai ba mai irin wannan ido wayar motarsa?

Juma'a ba a aiki, na goya yarinya na bi shi garejin, ba kowa sai maigadi, wani dattijo Bafatane, shi ma baƙo daga wata ƙasa. Ya dube ni, ya dubi goyon, ya ce wa maigida, "Sabuwar injiniya?" Ya buɗe mana, har ya kawo min kujera da kwali na shimfiɗa a inuwa.

Wayoyin an haɗa su a wuri uku tsakanin kai da baya, bakunansu sun fi gashin da nake kitsawa rikicewa. Ni ban san aikin ko ɗaya ba. Amma na ce masa, "Kai ka iya lamba, ni na iya launi. Bari in mayar maka da launin abin da hannunka zai karanta." Na yanka farin zare guntu-guntu. Ja, ƙulli ɗaya. Kore, ƙulli biyu. Ruwan ƙasa, uku. Rawaya da fara yana ganinsu, na ƙyale su. Yana kwance a ƙarƙashin motar yana turo min bakin waya, ina ɗaurewa ina mayar masa, shi kuma yana shafa ƙullin da yatsa yana haɗawa da lambar da ta dace. A haɗi na biyu, wajen tankin mai, muka samu ɓarnar: ja a gurbin kore.

Tsakiyar aiki yarinya ta tashi da kuka. Na koma bayan taya na shayar da ita, ina kallon ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota, safarsa ɗaya shuɗiya-shuɗiya ɗaya toka. Nan hawaye ya zubo min. Na tuna shekarun da mutumin nan ya yi yana fita aiki kullum da tsoron kada a gane shi, ni kuma ina gefe na sani, na bar shi shi kaɗai da abinsa.

Bayan la'asar ya hau motar ya tayar da ita, ƙasa har girgiza take. Na tsaya a baya, na toshe wa yarinya kunne.

"Na taka birki," ya ɗaga murya. "Me kika gani?"

"Ja biyu, hagu da dama."

"Kin tabbata?"

"Malam, cikinmu wa ya kamata ya tambayi wani?"

Maigadi bai ji Hausa ba amma ya taya mu dariya. Muka gwada sigina, muka gwada fitilar baya, muka jona tirela muka sake daga farko, sau uku, don ni ce na ƙi yarda mu tafi.

Ran Asabar ban iya cin komai ba sai da ya kira wajen azahar. Motar ta wuce. Ya ce mai gwajin ya leƙa ƙasa ya ga zarurruka na reto, ya tambaya ko laya ce. Shi kuwa ya ce masa a'a, aikin injiniya ne.

Yau 'yar tamu tana makaranta. Motar ban san dajin da take ba, wataƙila har yanzu da ƙulle-ƙullena a cikinta. A akwatin kayan aikinsa kuwa, tsakanin filaya da salatif, kullum akwai ƙwaryar farin zare, kuma in ya je sayen tumatir sai ya kira ni ta bidiyo ya ɗaga min ɗaya-ɗaya.

Abin da ranar ta koya min shi ne, shirun da nake yi ina kiransa kunya da ladabi, rabinsa tsoro ne. In ka ga inda naka yake tuntuɓe, kawar da kai ba rufin asiri ba ne. Ka faɗa masa a hankali, ku biyu kaɗai, sannan ka ɗauko ɗan abin da ka iya ka zauna kusa da shi.