Kuɗin Gyatsa da Uwar Garke

Shekarun baya, lokacin da haƙorana na gaba suke nan ba giɓi, ina da tukubar soya, wato tsire, a bakin titi nan unguwar Briqueterie a Yaoundé, a bayan gida kuma ina shanya kilishi. Makaranta aji biyu na yi, aka koro ni don na saka wa malami ƙadangare a aljihun riga. Faransancina kuwa tsintuwa ce, a bakin 'yan taksi da matan kasuwar Mokolo na tattaro shi. Duk da haka, in baƙo mai ɗamara ya shigo unguwa, ni ake turawa gaba in yi tafinta. Ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ban iya ba.

Ina da wani aboki Bafillace, makiyayi a can Adamawa. Sau uku ko huɗu a shekara yakan loda shanu a jirgin ƙasa daga Ngaoundéré, ya sauka a zaurena, ni nake yi masa dillanci. Tun muna samari haka muke. Yana kirana Kaɗo, ina kiransa Ɗan Daji. Hausarsa ta isa ciniki da zagi, amma Faransanci ko gaisuwa bai iya ba. In ya shigo Yaoundé, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa.

A shekarar da nake ba ku labari, abubuwa sun yi masa tsauri. Gonaki sun cinye hanyar shanu, ciyawa ta ragu, ga iyali da yawa. Sai wata rana da yamma wata madam ta tsaya sayen soya a wurina, ita da direbanta. Tana ci tana tambayata inda namana yake fitowa, ko na san masu kiwo. Na ce, "Madam, ai duk Fulanin Kamaru a zaurena suke kwana."

Ta yi mini bayani. Wai wata ƙungiya take wa aiki. Wai saniya in ta yi gyatsa, iskar da take fitarwa tana ƙara wa duniya zafi, kuma akwai manyan kamfanoni a ƙasashen waje da suke biyan duk wanda ya rage wannan iska. Kiredi karbon ta kira abin. Na yi dariya har yaji ya sarƙe ni. Na ce shekara arba'in ina gyatsa kyauta bayan tuwo, ba wanda ya taɓa ce mini in rage a biya ni. Ita ma ta yi dariya, ta ce, "Papa, taka ba ta kai ta saniya ba."

Washegari bayan la'asar ta zo zaurena. Abokina yana gari, na zaunar da shi a kan tabarma, na zauna a tsakaninsu ina gyara hula kamar wani gwamna. Ta ce abin da suke so shi ne makiyayi ya riƙe shanu kaɗan masu ƙoshi maimakon da yawa masu rama. A gyara abincinsu, a rage tsofaffin da suka daina haihuwa. Za a zo a duba, a auna, daga baya a biya. Wannan duk na juya masa daidai, Allah ne shaidata.

Ya yi ta wasa da sandarsa. Can ya ce, "Kaɗo, tambaye ta. Ina da wata tsohuwa, ja, ta daina haihuwa shekara uku. Ita ce uwar garke. Ita ke gaba in za mu tashi. In mun zo kogi, inda ta sa ƙafa nan sauran ke bi, in ta tsaya babu mai shiga. A wurin uwarta ta koya, uwarta kuma ta babana ce. Ita ma sai ta tafi?"

Na juya wa madam. Ta girgiza kai, ta ce a'a, irin wannan a bar ta. Makiyayi ya fi su sanin garkensa, ba su tilasta wa kowa, a hankali ake yi. Na ji ta sarai. Babu kalma ɗaya da ta wuce ni.

To amma ku da ba mahauta ba, ku sani kilishi ba ya son kitse. Naman tsohuwar saniya ramammiya shi ne ke shanyuwa kamar takarda. Ga Sallah ta matso, ga masu sarin kilishi na unguwar Messa sun hana ni sakat. A cikin ƙiftawar ido na ga in na buɗe masa ƙofar uzuri guda, gobe zai ce waccan ma ta kakarsa ce, waccan kuma ta matarsa, a ƙarshe babu wadda za ta hau jirgi. Sai na ce a raina saniya ai saniya ce, waɗannan Fulani da camfi suke.

Na dube shi na ce, "Ta ce duk wadda ta daina haihuwa. Ba zaɓe. In ka bar ko ɗaya, ba za a rubuta sunanka ba."

Ya ce, "Amma na ga ta girgiza kai."

Na ce, "Ai a'a ɗin ke nan, Ɗan Daji. Kai ma sai an fassara maka kai?"

Ya yi ɗan murmushi. Madam ta ga murmushi, ta ɗauka an daidaita. Ya dangwala yatsa a takarda, muka sha shayi.

Bayan sati uku jirgi ya kawo tsofaffi tara. Uwar garken tana cikinsu. Doguwa ce, ƙashin bayanta a waje, ƙahonta kamar hannuwan mai addu'a. Abokina ya rako su har kasuwa, ya shafa wuyanta, ya faɗa mata wani abu da Fillanci, ya juya. Bai bi mu kwata ba.

Duk wanda ya san kwata ya san yadda shanu suke yi in sun ji ƙarnin jini: turjiya, bori, sai an sa igiya da bulala. Ran nan babu ko ɗaya. Tsohuwar ta tsaya a ƙofa ta shinshina ƙasa, ta daɗe, sannan ta taka ta shiga. Sauran takwas suka bi ta a layi, tsit. Mahauta suna ta mamaki. Wani ya ce mini, "Alhaji, ina ka samo waɗannan masu ladabi? Ka riƙa kawo mana irinsu." Na yi dariya tare da su. Kilishin kuwa ya yi kyau, kwana huɗu ya ƙare.

Da damina ta ɗauke, lokacin tashi zuwa makiyayar rani ya yi. Ba na wurin, daga bakin wasu 'yan tireda na ji yadda aka yi. Kogin da suke ƙetarewa bai gama janyewa ba, kuma ruwan shekarar ya sauya masa yashi. Garke ya zo baki ya tsaya yana kuka, babu wadda ta yi gaba. Aka yi rabin yini. Da aka matsa musu da sanda, wata karsana mai rawar kai ta faɗa, ta ɗan gangara ƙasa da mashigin, sauran suka rufa mata baya. Wurin rami ne. Abokina ya shiga har wuya yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar aka fizgo shi. Fiye da rabin garken ya tafi, har da 'yan maruƙa.

Matata ta ce, "Malam, ba za ka je jaje ba?" Na ce kasuwa ta riƙe ni. Na aika da buhun masara.

Sai bayan wata biyar na gan shi. Da hantsi, ina hura wuta, na ɗaga kai na gan shi tsaye, rigar ta yi masa yawa. Na fara zuba gaisuwa da jaje. Ya bar ni har na gaji.

Ya ce, "Madam ta zo ruga. Wannan karon da wani mai jin Fillanci ta zo."

Na ci gaba da fifita garwashin da ya riga ya kama.

"Ta ce iskata ta ragu ƙwarai, ta fi ta kowa raguwa. Amma ba a biyan na wanda kogi ya rage masa. Sannan ta tambaye ni ina tsohuwar da ta ce a bari."

 Ya dubi naman da ke kan tukuba, ya ce, "Wa ya ci ta?"

Na ce, "Mutane."

Ya gyaɗa kai. Ya shiga zaurena ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da ta shekara ashirin a lungu, ya fita.

Na ji daga baya wasu makiyayan da suka shiga tsarin sun samu ɗan abin da suka samu, wasu sun gode, wasu sun yi tsaki. Ba ni da bakin zagin madam ko ƙungiyarta. Da zan iya ɗora musu, wallahi da na ɗora tuntuni, ku kun san halina. Matar nan gaskiya ta faɗa, a bakina ta lalace.

Shi kuwa ragowar shanun ba su riƙe gidan ba. Ya koma yi wa wani attajiri kiwo, shi da aka haifa a cikin garken ubansa. Sai da na shekara shida kafin na iya hawa jirgi na same shi. Na tarar da shi a gindin bishiya cikin shanun mutane. Na tsuguna, da furfurata da komai, na faɗa masa duk abin da ya riga ya sani, har da maganar kilishi. Na ce ya yafe mini.

Bai ɗau lokaci ba. Ya ce, "Na yafe. Tun shekarar na yafe maka." Har na fara jin sanyi a ƙirji, sai ya ƙarasa: "In ban yafe ba, ranar hisabi za a tsayar da mu wuri ɗaya. Ni kuwa ba na son in sake ganinka, ko a can."

Ya tashi ya bi shanu.

Ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Har yau in baƙo ya shigo unguwa yara sukan ce a kira Baba ya fassara, nakan ce kunnena ya mutu. Malamai suna cewa wanda aka yafe wa ya sauke kaya. Ni dai an yafe mini, da bakinsa ya faɗa, ba kuma ta hanyar tafinta ba. Amma da ya riƙe ni da ya fi mini, don da ina da ranar da zan sake tsayawa kusa da shi.