Dalma da makunnin maigidana

Kafin masu shagunan layinmu su ɗaga ƙofa, Dalma ya riga ya zauna a kujerarsa mai gurguwar ƙafa, ya jona ƙarfen liƙinsa a wuta, ya ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Gyaran rediyo ne sana'arsa, sai rediyon ta mutu ta bar shi da rai. Daga nan ya koma wasa da wasu 'yan alluna masu wayoyi, girman kwalin ashana, wannan ya auna zafi, wancan ya gaya maka ruwan tanki ya kusa ƙarewa. Matarsa ta ce mini, ban ce ku yaɗa ba, ya fi yi wa allunan nan hira fiye da ita. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Yanar ido ta rufe masa gani, hannu ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da bokona bai yi nisa ba.

Maigidana masinja ne a ofis har ya yi ritaya. Da tsufa ya taɓa masa kai, sai ya fara fita ya ɓace. An taɓa tsinto shi a bakin babban titi da takalmi ɗaya a hannu. Autarmu, da ke aure can nesa, ta ce in ya sake ɓata, kwaɗo za a sa wa ɗakinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da makullan ofis a aljihu, shi za a kulle.

Dalma ya ji, ya zo ya manna ɗan allonsa a jikin ƙofar gida. Da an buɗe, allon zai gaya wa akwatin intanet da Auta ta ajiye mana a falo, ba waya a tsakaninsu, saƙo ya shigo wayata da tata. Kwana kaɗan maigida ya sake ficewa da yamma, waya ko tari ba ta yi ba. Ni ina can bayan gida wajen maƙwabciya, ana ba ni labarin wata mata da ya fi ƙarfin a bari sai gobe. Mai wanki ne ya dawo da shi.

Auta ta aiko da kwaɗon. Dalma ya roƙe ta ta ɗaga masa ƙafa. Ya canza batir, ya lanƙwasa eriya, ya zargi kaurin bango, ya zargi ƙarfen ƙofa, ya ɗora akwatin a kan firji, ya sauke. Har akwatin maƙwabta sai da ya tuhuma. Duk safiyar da ya gwada, lafiya lau. Da yamma sabis ya ɗauke, kafin Dalma ya iso sabis ɗin ya dawo. Matan layi suka fara ƙirga shigarsa gidana, ni kuwa na ƙi wanke kaina, don rabon da a yi gulmata har na manta.

Da dabara ta ƙare, sai ya ajiye kayan aiki, ya yini a falonmu yana kallo kawai. Da rana ta yi sanyi maigida ya miƙe, ya gyara hula, ya bi bango yana kashe makunni ɗaya bayan ɗaya: fanka, fitila, har soket ɗin akwatin. Ya dubi Dalma ya ce, “An tashi, ka dawo gobe.” Sannan ya nufi ƙofa, zai tafi gida. Ashe shi ne na ƙarshen fita ofis duk tsawon aikinsa, kuma har yau bai taɓa barin wuta a kunne ba. Ni da na shigo sai in kunna komai, kamar yadda na saba tun ina amarya, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Na ce a liƙe makunnin akwatin da salatif. Dalma ya ce, “A'a, Yaya. Aikinsa ke nan da ya rage masa.”

Ya ja wa akwatin wata wuta ta bayan kabad, ya bar makunnin a inda yake, ya haɗa shi da allon. Tun daga ranar, da maigida ya danna, wayata ta yi ƙara tun bai kai ƙofa ba. In katse hira, in tare shi da sannu da aiki, mu zaga layi, in kawo shi gida. Sau da yawa bai san ni ba, yakan dai gode mini kamar baƙuwa mai kirki. Kwaɗon yana nan cikin ledarsa.

Kai ne, Dalma, ka nemo inda sabis ke yankewa, ka tarar da mutum a wurin, ba ka ture shi ba.

Yanzu maigida ya kwanta, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Waya ta yi shiru, har Auta ta kira ta ce ko abin ya sake lalacewa. Dalma ya zo yana laluben bango, ya shafa allon, ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai ya ce in riƙe masa fitila in riƙa gaya masa launin wayoyi, ya cire makunnin ya maido shi gefen gado, daidai hannun maigida. Ya ce aikinsa na ƙarshe ke nan.

Na gode, Dalma, Allah Ya buɗe maka idon nan. Ku kuma masu gyara, in abu ya gagare ku, ku ajiye sukundireba ku zauna ku kalli mutanen gidan tukuna. Jiya da yamma wayata ta yi ƙara. Na shiga na ce masa sannu da aiki, ya ce in ja ƙofa, shi ya gaji, a ofis zai kwana.