Hannun da Na Saki a Ƙasan Kogi

Mutane na tsammanin mai nitso yana gani a ƙarƙashin ruwa. Ina! Wannan sai a telebijin. Kogin Yamai da damina ja ne wur kamar kunun kanwa, kana nutsawa duhu ya rufe ka. Butelin iska a baya, igiya a ƙugu, hannunka shi ne idonka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan lalube cikin ƴan kwana-kwana, pompiye kamar yadda ake ce mana. Minjirya ta sha girgiza ni har haƙorana su kaɗa, tsage ya taɓa yanka mini gwiwar hannu, duk na mayar da su abin ba'a. Dorina ce kawai ba na sa ta cikin wasa.

Wata safiya aka kira mu ƙasa da gadar Gaweye, an ga kwale-kwale a kife. Mai shi wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutumin Tawa da ke zaune a Kirkissoye, yana tsallakawa lambunsa shi kaɗai. Ba wanda ya ga faɗuwarsa. Mun tarar da uwarsa da matarsa zaune a bakin ruwa. Matar ce ta matso ta ba mu alama: hannunsa na hagu yatsu uku ne, injin niƙa ya ci biyu tun yana ƙarami.

A nitso na uku na taɓa tufa. Na bi a hankali, kafaɗa, damtse, sai hannu, ya sarƙe cikin wata tsohuwar koma da ta maƙale a saiwa. Na ƙirga yatsun. Uku. Na sake ƙirgawa, uku ne. Na riƙe shi da hagu, ina laluben igiyar da za a ja shi da ita, sai na ji gurnani. Ba da kunne ake jinsa ba, a ƙirji yake dukan mutum. Wani abu kamar katangar laka ya goge ni, ya juya ni, sai aka cafke takalmin nitsona na dama aka fizge. Wallahi ban san lokacin da na saki hannun nan ba. Na dinga jan igiyar ƙuguna kamar mahaukaci, na yi fitsari a kayana, aka jawo ni sama ƙafa ɗaya ba takalmi.

Shef ɗinmu ya sunkuyo daga cikin jirgi ya ce, «Ka taɓa wani abu?»

To ga ƙa'idarmu: wanda ya taɓa gawa shi ke komawa, don shi ya san wurin. Na dubi ruwan, na ga kan dorinar ya ɓullo, ɗanta a gefe. An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni ranar duka biyun suka haɗu a kaina. Na ce, «Ba kome, shef. Dorina ce kawai.» Aka mayar da nema can gaba, kwana uku muna lalube inda na san ba ya nan. Da na saci jiki na koma bayan sati, ruwa ya tafi da komar da abin da ke cikinta.

Ni a tunanina an rasa gawa ne, kamar yadda akan rasa. Ashe na ɗaure wata baiwar Allah. Uwar ta kafe ɗanta na da rai, wai ya sha maganar zai tafi Aljeriya neman aiki. Malamai suka ce tun da ba gawa, ba wanda ya shaida mutuwa, sai matar ta jira shekara huɗu. Ita ba mai takaba ba, ba bazawara ba, ba kuma mai miji ba. Ta zauna gidan surukarta, tana share ɗakin mutumin da na ƙirga yatsunsa.

Abin da ya fi ci mini rai, tana sayar da kopto, kwaɗon zogale, a hanyar da nake bi zuwa aiki. Duk ta gan ni sai ta miƙe ta ce, «Sannu da ƙoƙari, malam. Allah ya saka muku, kun wahala a kanmu.» Har ƙari take yi mini. Tir! Na canja hanya, na ajiye nitso da sunan ciwon kunne, na zama mai faɗa a gida, ƴaƴana na jin motona sai su watse. Shekara biyu da rabi ina haka. Kada wani ya ce mini ai rai na gudu da shi. Sakin hannun tsoro ne, na yarda, amma shirun fa?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsallaka Kirkissoye. Tsohuwar na kan tabarma a tsakar gida, matar na tsintar zogale a gefe. Na durƙusa na faɗi kome, komar, yatsun, dorinar, ƙaryar. Ban rage ko ɗaya ba.

Tsohuwar ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ta dubi matar ɗanta.

«Ke kika aiko shi.»

Na ce, «Inna, wallahi tallahi ba ta san zan zo ba.»

«Rufe mini baki! Ran nan gabana ka ce ba kome. Yau kuma da kome? Ta gaji da jira, ta samu mai so, shi ne kuka haɗa baki ku kashe mini ɗa da baki. Ko kai ne mai son? An ce kullum kana wajen koptonta.»

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Aka kira limamin unguwa, ya saurare ni, ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, balle wanda ya faɗi akasinta da bakinsa a gaban jama'a. Sai dai a cika shekarun. Na zo gyaran gira, na tsone ido.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta biyo ni har zaure, hannunta duk ganye. Ta ce, «Malam, na yarda da kai. Shi ne.» Sannan ta ce, «Dā ina jiran mutum. Yanzu na san ba mai zuwa, kuma dole in zauna, ga sunan da ka sa aka ba ni a unguwa. Tun da ka iya shiru, da ka ƙarasa shi.»

Ta koma ciki, na ji tsohuwar na ce mata ta je ta share ɗakin.