Takalmin Abokina Mai Ƙarfe a Baki

Shekarun baya da yawa, ba a daɗe da ruwan Tiga ya tashe mu daga tsohon garinmu ba, aka buɗe wani wurin fasa dutse a kan hanyar Tudun Wada, aka ce ana ɗaukar leburori. Ni da abokina muka yi sammako muka tafi. Gidanmu ɗaya da shi a tsohon gari, a sabon ma katanga ce kawai tsakaninmu, amma Allah bai yi mu iri ɗaya ba. Shi ƙato ne, ƙirji kamar ƙofar rumbu. Ni kuwa idan iska ta taso da ƙarfi sai mahaifiyata ta leƙo ta ga ko ina nan.

Helma, wato shugaban leburori, ya bi layi yana duba mu. Ya dafa kafaɗar abokina ya ce ya koma dama. Da ya zo kaina ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, je ka ƙara cin tuwo, ka dawo baɗi." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce haƙora ba.

Da la'asar abokina ya shigo gari, ai sai kallo ya koma kansa. Hular kwano ruwan ɗorawa a kansa, safar hannu ta fata a soke a aljihu, ga wani takalmi baƙi mai ƙarfe a baki, in ya taka ƙasa sai ka ji gif, gif. A lokacin duk garin ba mai takalmin da ya wuce na taya, in ka cire mai unguwa. Yara suka bi shi. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar masallaci suka kira shi, ya durƙusa ya gaishe su, suka riƙa karɓar hular suna ƙwanƙwasawa suna jinjina kai.

Abin ya tsaya mini a wuya. Ranar kasuwar Tudun Wada in mun tafi tare, shi ake wa sannu da zuwa, ni kamar ɗan rakiya. Har 'yan mata masu tallar gyaɗa sai su ƙara masa a kan wadda ya saya. Na ce masa wata rana, "Kai, wannan hular ba ta dafa maka kai a ranar nan?"

Ya ce, "Tana dafawa mana. Kana so ka ɗana?"

Na ce Allah ya kiyaye, me zan yi da kwanon miya a ka. Alhali da zai juya baya da na sa na duba kaina a ruwan randa.

Mahaifiyata ta gane ni sarai. Ta ce, "Tunda zuciyarka na can, ɗauki kifin nan ka kai musu." Haka na koma mai kai soyayyen kifi wurin fasa dutse kullum da azahar, ina warin mai, ina kallon abokina cikin ƙura kamar wani soja.

A nan na lura da wani abu. Hular tana kansa, amma ƙafarsa tsohon takalmin taya ne. Shi sabon yana cikin buhu, a rataye a reshen wata bishiyar marke. Na tambaye shi dalili, ya ja ni gefe ya ce, "Dutsen nan cin takalmi yake. In na sa shi a nan, kafin Sallah ya zama tsumma. Da me zan shiga gari?" Idan ya hango helma sai ya ruga ya zura, in ya wuce ya tuɓe ya goge da gefen rigarsa ya mayar. Na ce a raina, kai ka ga mutum, an ba shi abin da nake mafarki, shi kuma yana ajiyar sa kamar kayan lefe.

Wata Laraba ina tsaye ina ba wani kifi a takarda, sai na ji ihu. Suna ɗora wani babban dutse a tifa, ya suɓuce daga hannun na sama, ya sauko a kan ƙafar abokina ta hagu. Na watsar da tiren kifin ban san na watsar ba. Da aka ɗage dutsen ban iya kallo sau biyu ba. Helma ya cire rawaninsa ya ɗaure ƙafar, yana salati yana faɗa lokaci guda: "Ina takalminka? Ina takalmin da na ba ka?" Abokina ya riƙe hannuna har sai da na ji ƙashina zai karye. A bayan tifar nan muka kai shi asibiti a Kano, kansa a cinyata. An ceci ƙafar, amma babban yatsa da na kusa da shi sun tafi.

Ya yi wata biyu a kwance. Kullum ina wurinsa, kuma wallahi a kwanakin nan ban ji komai a raina ba sai tausayi. Ana cikin haka helma ya aiko a kira ni, ya ce hannu ya yi musu kaɗan, ko ban ƙara tuwon ba in zo. Aka ba ni hulata da takalmina. Na shiga gari ina gif, gif, amma zuwa lokacin samari da yawa sun samu, ko kare bai ɗaga kai ya dube ni ba.

Da abokina ya warke, ba zai iya ɗaukar dutse ba, sai aka ba shi kula da sito. Kujera, inuwa, tulun ruwan sanyi a gefe, makullai a wuya. Shi ke raba kayan aiki da safe, kuma ba ya barin kowa ya wuce sai ya ga ƙafarsa. Ni ma bai ɗaga mini ba. "Ɗaure igiyar a gabana, mutumina," in ji shi. In wani ya yi gardama sai ya zare ƙafarsa ta hagu ya ɗora a kan tebur, magana ta ƙare. Ni ina cikin rana gumi na bin cikin hula, ina hango shi yana fifita da kwali. Sai ga tsohon ciwona ya dawo sabo.

Na yi shekaru a wurin, duwatsu sun faɗo mini a ƙafa ba sau ɗaya ba, ƙarfen nan ya tare. Saboda abokina ne ban taɓa tuɓe takalmin ba, wannan kam na sani, kuma na gode masa. Abin da na gane game da kaina shi ne, idona ya fi son abin da ke hannun wani, ko da kuwa ban san da me ya biya ba.

Yanzu duk mun tsufa, katangar nan dai ita ce tsakaninmu. Da yamma jikokina da nasa sukan taru a tabarmarsa su ce, "Kaka, nuna mana ƙafar." Ya nuna, ya ba su labari, kullum dutsen yana ƙara girma. Ni ina gefe da yatsuna cif-cif, har yau ba yaron da ya taɓa cewa in nuna masa.