Safiyar da Rana Ta Fito Mini Daga Yamma

Mu biyu uwarmu ta haifa, ni da yayata. Ni aure ya kawo ni Filinge, gidan masu salla. Ita ta zauna ƙauyenmu, can hanyar Damana, ta riƙe abin da kakanni suka bari: bori, da baƙar akuyar da take ɗaure wa iskoki. Goshinta bai taɓa taɓa ƙasa da sunan salla ba.

Abin bai hana ni barci ba, sai wata ranar kasuwa da na tsaya wajen masu gero ina jin wa'azi. Malamin yana faɗin alamomin tashin duniya. Ya ce lokaci zai yi gudu, shekara ta koma kamar wata. Na ce to, wannan mun gani. Sai ya ce wata safiya rana za ta fito daga yamma, daga ran nan kuma ƙofar tuba ta rufu, wanda bai shiga ba ya makara.

Ban ji sauran ba. Yayata kawai nake gani, tsaye a waje.

Tun daga nan, kullum bayan asuba sai in fito tsakar gida in jira. In rana ta ɓullo ta bayan rumbun maƙwabta, in ce alhamdu lillahi, an ƙara mata yini.

Da lokacin kaka aka aiko ƙafafun yayata sun kumbura. Na shiga motar kasuwa, ban isa ba sai bayan magariba. To a ƙasarmu ƙofar ɗaki yamma take kallo, don hadari daga gabas yake zuwa. Ashe ruwa ya ka da tsohon ɗakinta, jikokinta suka gina sabo, suka juya ƙofar gabas don ta riƙa ganin garkenta. Ba wanda ya gaya mini. Na yi asuba ƙofa na bayana, yadda na saba. Da gari ya waye na yaye asabari, sai ga rana ja wur a fuskata.

Na saki asabarin. Na rarrafa har bakin gadonta.

"Yaya! Tashi, Yaya, an rufe!"

"Mi aka rufe?"

"Rana ta fito yamma!"

Ta leƙa, ta dube ni, ta fashe da dariya har da tari. "Ke, birni ya juya miki kai! Ɗakin ne ya juya, ba duniya ba."

Ni kuwa kuka ya ƙi tsayawa. Sai dariyarta ta mutu. Ta sa na faɗa mata wa'azin, da jiran da nake yi kowace safiya. Ta ɗora hannunta bisa kaina kamar lokacin da take yi mini kitso.

"Ashe ba kanki kike wa kuka ba."

Na share hawayena da bakin zane.

"Ɗauko butar nan," in ji ta. "Amma akuyata ba ta cikin zancen, kin ji?"

Na zuba mata ruwa, ina gwada mata gaɓa gaɓa. Ni ma sai da na rama asubata, tunda yamma na kalla. Muka fuskanci ƙofa, ni tsaye, ita zaune, tana bin bakina, tana tuntuɓe da kalmomin.

Ba ta ga wata damina ba. Akuyar na nan ɗaure ranar da ta cika. Abin da aka karɓa Allah ne ya sani. Ni dai na ji muryarta a gefena, ta ce amin.